Na Yi wa Windows Kishiya

Kwamfutata 'yar gwanjo ce, daga Kano aka kawo min ita Dantchiao. Lafiya lau muke zaune har ɗan yayata, ɗalibi a Damagaram, ya zo hutu da labarin cewa tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows 10, tsohuwar tawa kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11.

"Kawu, zuba Ubuntu," in ji shi. "Tun 2004 ake raba shi kyauta. Ba sai ka kori Windows ba, kishiya kawai za ka yi mata."

Ina jin "kyauta" na ce a ɗaura. Ya bar min kile USB, ya koma makaranta.

Da na fara zubawa, babbar tambaya ita ce: a zauna tare da Windows ko a share faifan gaba ɗaya? Na zaɓi zaman tare hannuna na rawa, don makin jarrabawar yaran ajina duk yana ciki. Na yanka wa amarya giga 60. Da aka zo kan madannai kuwa, ban ko yi shawara ba. Ni da na yi lakwal? Na danna Faransanci. Ashe madannan Kano jerin QWERTY ne, na Faransa kuma AZERTY. Washegari na zauna rubuta wasiƙa zuwa Magarya, sai ga "?qgqryq" a allo. Na goge tabarau na sake bugawa, bai fasa ba.

Sai rabon kwana. Kana kunnawa wani baƙin allo mai suna GRUB zai ba ka daƙiƙa 10 ka zaɓa. Ka juya zuba shayi, amarya ta shige gaba.

Uwargida ta yi shiru, ashe ramuwa take shiryawa. Ubuntu yana saita agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya, wato UTC. Windows kuma tana ɗauka lokacin gari ne, alhali Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya. Ranar ɗaurin auren 'yar maƙwabcina, wayata tana wurin mai caji, na leƙa Windows ta ce tara da rabi. Na yi wanka a tsanake, na karya hula, na fesa turare. Ina isa na tarar ana naɗe tabarmi, ko ɓarin goro babu. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe, sannu da ƙoƙari. Ka yi sammakon zuwa suna."

Da na kira yaron, sai da ya gama dariya sannan ya karanto min umarni layi ɗaya, agogo ya daidaita.

Mai karatu, in za ka yi wannan aiki, fara kwashe takardunka a wani wuri, ka cika batir, ka dubi haruffa shida na farko a madannanka kafin ka amsa tambaya. In kuma kana da gayyata, tambayi maƙwabci ƙarfe nawa.