Ɗan Takara Mai Hula Uku

Da zarar zaɓe ya kawo jiki, mai neman shugabancin ƙasa ba ya tafiya sai da akwatin huluna. A Anaca ja ce a kansa, a Ibadan ya karkata irin ta Yarabawa, in ya sauka Minna kuwa sai ga zanna bukar da babbar riga mai aska takwas, wadda sai yara biyu sun taya shi naɗe hannunta. Kafin ya ga talaka ko ɗaya, sai ya hau tudu ya gai da Janar Babangida da Janar Abdulsalami, a ɗauki hoto. Sannan a nufi filin taro.

"Nijeriya ɗaya ce! Ni ban san ƙabila ba!" Da haka yake farawa. Daga nan ya jero Nufawa, Gwarawa, Hausawa, Fulani, yana leƙen takarda kada ya tsallake wani a yi fushi, kuma duk da haka sai ya manta Kambari. Zungeru kuwa ta sha wuya a bakin 'yan takara: tun da aka haifi Azikiwe can a 1904, kowa ya zo sai ya kafa hujja da ita cewa duk uwa ɗaya uba ɗaya muke. Bari dare ya yi, a rufe ƙofa da dattawan yanki, ku ji yadda wanda bai san ƙabila ba yake raɗa "naka sai naka".

Mu ma 'yan unguwar Fadikpe a nan Minna ba kanwar lasa ba ne. A cika Keke Napep da mu, a raba riga mai hoto, a haɗa da taliya da 'yar dubu biyu. Uwargidan da ta rangaɗa guɗa ƙarƙashin lema ran Litinin, ita ce ke kaɗa tsintsiya ran Alhamis, muryar ko dishewa ba ta yi ba. Kishin ƙasa ke nan, kowa da rabonsa.

Mu dawo gida da yamma, a jihar da ke da tashoshin lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro, mu bi layi wurin mai cajin waya.

Ranka ya daɗe, in za ka sake zuwa, ajiye jirgin a Abuja. Biyo hanyar Suleja a mota, ka kwana ɗaya a Fadikpe cikin watan Afrilu ba janareta, da safe sai ka yi mana jawabin.