Ku Ajiye Tsinken Tsire Tukuna

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, mutanen Briqueterie. A unguwar da hayaƙin soya ke tashi tun la'asar har tsakar dare, inda manyan ma'aikatan Yawunde ke ajiye motoci suna layin kilishi, wai a nan ne wata za ta ce a kwaɓa fulawa, a cusa mata alayyahu da cuku, a gasa, a kuma kira abin abinci. E, ni ce na ce, kuma ban janye ba.

Alhaji, da kai zan fara, don na ga ka karkace hula. Ka ce abin da babu nama a ciki ba ya zama a cikin namiji. To wa ake gani da safe a teburin mai shayi, an tsaga masa dogon burodi an ɗura masa wake da mai? Wa ke cewa a zuba masa taliya a cikin wainar ƙwai, yadda duk garin nan ke yi? Ran nan ba ka tambayi asalin abincin ba. Miyar alayyahun da kake suɗe kwanonta, da fate mai yakuwa, da kwaɗon zogale, duk ganye ne. Laifin wannan ɗaya ne kawai, ya fito daga tukunyar miya an sa masa riga.

Masu cewa abincin baƙi ne, ban musa ba. Girkawa sun yi suna da shi, suna kiransa spanakopita: ganye da cukun feta a tsakanin falle-fallen ƙullu masu shara-shara. Turkawa na da börek, Labanawa na da fatayer. Amma wane baƙo ne Bagirke a Yawunde? 'Yan kasuwarsu na Kamaru tun zamanin mulkin mallaka, sunayen gidajen burodi irin su Calafatas da Acropole ma sun isa shaida. Kun daɗe kuna cin burodi ba ku yi ƙorafi ba. Sambusar da kuke wawaso lokacin buɗa-baki kuwa, a gaya mini ko a Kano aka yanke mata cibiya.

Goggo kuma ta toshe hanci, wai cuku na da wari. Goggo, da girmanki! Ke da ko miyar kuka ba kya kaɗawa sai kin jefa daddawa biyu? Ai mu da muka yarda da daddawa ba mu da bakin yi wa kowa gorin wari. Kuma cukun da nake nufi ba ya warin komai sai na nono. Ba sai kin je babban kanti kin zubar da sefa a kan feta ba. Wannan tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunansa ga wanda aka yi a Girka da nonon tumaki, ko a haɗa da na awaki kaɗan, ga kuɗin jirgi, shi ya sa yake tsada. Mu da muke da shanun Adamawa a bayanmu, jirgin ƙasa na kwana a hanya daga Ngaundare ya wayi gari a nan, me zai sa mu roƙi tumakin wasu? Fulanin Benin na daskarar da madara da ruwan tumfafiya su yi wagashi, Buzaye da Fulanin Nijar na shanya nasu cukun ya bushe ƙamas. A gida kuwa lemon tsami ya wadatar. Ki ɗora madara lita 2, ta gari ma ta yi in dai mai cikakken maiƙo ce. Da ta fara tasowa ki rage wuta, ki matsa lemo biyu ko uku kina juyawa a hankali. Za ki ga ta tsinke, farin ya haɗe guda-guda, ruwa mai ɗan kore ya ware gefe. Ki juye a farin ƙyalle mai tsabta, ki barbaɗa gishiri, ki ɗaure, ki danne da dutsen niƙa ko tukunya cike da ruwa na awa guda. Wadda ta iya awara ta gama iya wannan. In kina son ya yi laushi, ki murmusa masa biyu ko uku na La Vache qui rit ɗin nan da ke kowane shago, wanda jikokinki ke shafa wa burodi ba ki taɓa toshe hanci ba.

Ganyen shi ne inda ake faɗuwa, don haka ku kasa kunne. Ku je Mokolo ku ce a ba ku folong, shi ne alayyahunmu, ya ma fi na Turai jiki. Ku sayi da yawa, kamar kilo 1, don tulin da ya cika roba in ya ji zafi ba ya wuce dunƙule biyu. A tsinke ganyen a bar sandunan, a wanke sosai saboda ƙasa, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, a tsame, a bari ya huce. Sannan a matse. Ba matsar ganin dama ba, matsa ta haƙiƙa, a cikin ƙyalle, har sai hannu ya yi ciwo kuma ko ɗigo ya daina fita. Duk wadda ta zo ta ce mini ta gwada ƙasan ya yi caɓal, ba na tambayarta komai, hannunta nake kallo. Sai a yanka shi ƙanana, a soya albasa 2 da tafarnuwa a ɗan mai, a haɗa da ganyen, da ƙwai 3, da cukun, da masoro da gishiri. Attarugu? Ku sa. Girkawa ba za su turo 'yan sanda ba.

Ɓawon ba ya buƙatar dogon bayani. Fulawa giram 250, bota mai sanyi rabin haka, gishiri kaɗan, a murje da yatsu har ya yi wara-wara, a yayyafa ruwan sanyi cokali kaɗan a haɗe. Ba a murza shi kamar na burodi, in an yi haka tauri zai yi. A bar shi ya huta rabin awa, a raba biyu, a murza da kwalba, ɗaya a shimfiɗe a faranti, a zuba haɗin, ɗaya a rufe, a danne baki da cokali mai yatsu, a huda saman, a shafa ƙwai.

Ga Hajiya can ta sami mafita, ta ce ai ba ta da oba. Haba Hajiya. Unguwar nan daga wurin gasa bulo na zamanin Jamusawa ta samo sunanta, mutanen da suka kafa sansaninsu a Yawunde a 1889. A ce zuriyar unguwar da ta gasa bulo ta kasa gasa fulawa? Kek ɗin sunan 'yarki a ina aka yi shi? Babbar tukunya ce, a zuba yashi mai tsabta a ƙasa, a ɗora a kan gawayi ya yi zafi, a sa duwatsu uku a ɗora farantin don kada ya taɓa yashin, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Na sama ya ɗan fi na ƙasa yawa, in ba haka ba gindi ya ƙone fuska na nan fara. Mai oba ta sa 180, minti 40 ko ƙasa da haka kaɗan. Mai gawayi kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta, hancinta ne agogo, in ƙamshin bota ya kai zaure ta leƙa.

In ya fito a bar shi ya sha iska minti 15, don in an yanka da zafi wargajewa yake yi. Daidai lokacin nan ne za a ji sallama. Yaro ne riƙe da kwano, wai an ce a gaishe ku, wai mene ne wannan ke ƙamshi. Daga gidajen da aka fi yi mini dariya yaran ke fitowa, na gane kwanukan. Zan ba su, ba na rowa. Amma a daina aiko samira mai murfi, yanka ɗaya ne rabon kowane gida, kuma a dawo mini da ƙyallen da na rufe.