Alƙalan Teburin Mai Shayi

Tun daga daren nan na watan Maris na 2011, da tashar NN24 ta tsayar da Janar Muhammadu Buhari da Malam Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau su yi muƙabala, Shugaba Jonathan kuwa ya ƙi halarta, Allah Ya azurta ƙasar Funtuwa da Malumfashi da waɗansu alƙalai waɗanda ba wanda ya naɗa su, majalisarsu teburin mai shayi, hukuncinsu kuwa ba a ɗaukaka masa ƙara.

Limaminsu shi ne Tafinta. Da yake da Turanci 'yan takara ke magana, shi kuwa ya taɓa riƙe biro a gindin sikelin auduga, sai ya ja benci har gaban talabijin, ya tare wa na baya, ya gyara tabarau, ya ɗaga hannu a yi tsit, kamar mai shirin buɗe tafsirin watan azumi. In gwaninsa ya yi ko da gyaran murya ne, sai ka ji sharhi mai tsawo da hujjoji da misalai waɗanda shi mai maganar bai taɓa mafarkinsu ba, in kuwa abokin hamayya ya kwararo bayani har aka ce lokacinsa ya cika, sai Tafinta ya kurɓi shayi, ya ce, "Jama'a, wannan bai ce kome ba." Da man janareto ya ƙare, hoto ya ɗauke, wallahi fassara ba ta tsaya ba.

Sai Mai Ruwaya, wanda bai kalla ba, amma ya ji daga direban motar Ɗandume, shi kuma daga surukinsa, har isnadi ya tuƙe ga wanda ya yi barci tun bayan isha'i. Da mai auna cancanta da karin hula. Da wani tsoho manomin masara daga wajen Bakori, mai tambaya ɗaya tak, "Sun ambaci taki?" In an ce a'a, ya shuri takalmansa. Ga kuma waɗanda suka kwana suna jinjina balagar Shekarau, ran zaɓe suka dangwala wa Janar. Ba zan tsananta musu ba, don da ɗayansu nake sa riga ɗaya.

Wanda ba na yi wa uzuri shi ne ɗan kanzagi, mai zuwa da hukunci a aljihu tare da abin goron da aka ba shi. A muƙabalar Janairun 2019, da Buhari bai je ba, Atiku ma ya isa wurin ya juya, aka bar 'yan takara Ezekwesili da Moghalu da Durotoye su kaɗai, talikin nan ya wayi gari yana rantsuwa gwaninsa ne ya lashe. Da tsohon Bakori ya sake tambayar taki, sai talikin ya daka masa tsawa gaban 'ya'yan cikinsa, ya kira shi munafuki, alhali ko kuɗin shayin da yake sha tsohon ne ya biya.