Ɗan Zazzau, Sauke Filen Ɗin Nan Ka Huta

Ɗan Zazzau, bawana, labari ya iso mu Kano cewa ka yi sabon filen na goge katako, Stanley lamba 8, har kana kiran maƙwabta su zo su ɗaga su ji nauyi. Barka da arziki. An kuma ce tun ranar ake ta shafa maka man zafi a kafaɗa.

Bari ubangidanka ya karantar da kai. Lamba 8 tsawonsa inci 24 ne, nauyinsa ya haura kilo 4. An yi shi ne don miƙar da gefen dogon katako, irin na ƙofa ko babban tebur, domin tsawon gindinsa ba ya barinsa ya faɗa kwari, tudun kawai yake askewa har layi ya miƙe. A nan nauyin yana da rana: in ka tura shi a kan madaci mai gardama, shi da kansa yake ratsa ƙullin itacen ba tare da ya yi tsalle ba. To amma kai me kake ƙerawa? Kujerar tsugunne da allon almajirai! Ka ɗauko tirela don kai kwano ɗaya na gero kasuwa.

Abin da ka manta, duk turawa ɗaya sai ka jawo shi baya. Daga hantsi zuwa la'asar lissafa ka gani, in dai lissafin bai fi ƙarfinka ba.

Je ka 'Yan Katako na Na'ibawa ka ga hannun masu sana'a. Lamba 5 mai inci 14 shi ne na aikin yau da kullum, sai lamba 4, wanda bai kai kilo 2 ba, a bi da shi a fitar da sulɓi. A kan malaina ko farin katako mai laushi, wane nauyi kake nema? Mutanen Japan ma nasu na itace ne, ba turawa suke yi ba, jawowa suke yi, kuma sukan fitar da sassaƙe mai shara-shara har ana hango hannu ta cikinsa.

Sirrin yana bakin ƙarfen. In ya dakushe, ko ka hau kai ka zauna sai dai ya yayyage fuskar katakon. Na san dalilin da ya sa kuke son mai nauyi: ƙyuyar wasawa. Tun 1869 da kamfanin Stanley na Amurka ya sayi fasahar Leonard Bailey, ba a taɓa ƙera filen da ke wasa kansa ba, ba kuma saboda Zagezagi za a fara ba.

Ka sayi dutsen washi da lamba 5. Lamba 8 kuwa ka ba direban motar Kano ya kawo mini, ina da ƙofofin da zan haɗa. Kuɗin motar ma kai za ka biya.