Yadda ake kama ɓarawon mai a cikin mota

Wata huɗu ke nan da mai wannan shafi ya sayi mota 'yar Kwatano mai turbo, dillali yana ta rantsuwa cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita ranar Lahadi kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Bande, tsakanin Damagaram da Magarya, ya zaro sandar awon baƙin mai ya gan ta a bushe ƙamas, ya san sauran labarin.

Shawara ta ɗaya: a dubi hayaƙin salansa. In shuɗi ne, baƙin mai ke ƙonewa. In baƙi ne, fetur ya fi iska yawa. Fari mai kauri kuwa ruwa ne ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Haka littafi ya ce. A hanyoyin karkarar Dungas cikin hunturu, kowane hayaƙi launin ƙura yake ɗauka.

Ta biyu: a auna shan fetur. A cika tanki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba. To, da wane awo? Agogon kilomitar motar ya tsaya tun tana Turai, kwalbar 'yan ruwa-ruwa kuma lita ce a bakin mai sayarwa kawai. A da ma wa ya damu da lissafi? Fetur na tsallako iyaka daga Jigawa da araha, mota ta sha ta yi gyatsa, mai ita bai ji a jikinsa ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, sai kowa ya gano halin motarsa, kamar baƙon da ba a san cinsa ba sai rumbu ya yi ƙasa. Matatar mai ta SORAZ kuwa tana nan cikin jihar Damagaram tun 2011, amma maƙwabtaka ba ta cika tanki.

Ta uku, ko ta huɗu, oho: makaniki. Kafin a buɗe inji ya yanke hukunci: "Turbo ne, Alhaji." Mutum bai taɓa zuwa Makka ba, amma da ya ji an kira shi Alhaji a gareji, ya san aljihunsa ake yi wa kirari.

Turbon nan hayaƙin inji ke juya shi, sau fiye da 100,000 a minti ɗaya, baƙin man inji kuma shi ke shafe shi yana sanyaya shi. In matatar iska ta toshe da ƙura, sai ya riƙa zuƙa da ƙarfi har ya janyo mai cikin bututun iska, alhali lafiyarsa lau. Haka in hanyar da mai ke komawa inji ta cushe, ko bututun numfashin inji ya toshe. Turbon da ya mutu da gaske, in aka cire bututu aka taɓa farfelarsa, za a ji tana lilo tana gogar bango. Minti goma ya isa wannan binciken. Mai shafin nan ya biya kuɗin wani turbo na hannu kafin wani yaron gareji ya ciro matatar iska, aka kakkaɓe yashin da zai isa shukar gero. Wannan ba abin dariya ba ne, zalunci ne!

Sauran shawarwari a gurguje: kada a kashe inji da zafinsa bayan doguwar tafiya, a ba shi minti biyu, don mai na ƙonewa ya daskare cikin turbo. Wanda ya rage iskar taya saboda rairayi, ya mayar in ya hau kwalta.

Baƙin mai dai ya daina ɓacewa, fetur kuwa sai abin da ya yi gaba. Motar tana ƙarƙashin dogon yaro a Magarya, mai ita yana zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis a bayan kabu-kabu. Mai bukata ya zo da kuɗinsa. Wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita.