Kwamfuta Ta Yi Nauyi: Jerin Waɗanda Ake Zargi

Daga titin Beirut a Kano har Banex a Abuja, masu gyaran kwamfuta sun haddace gaisuwa guda. Mutum zai shigo da laftof a hammata, ya dire ta a kan tebur, ya ce, "Injiniya, wallahi jiya lafiya lau take, yau kawai ta yi nauyi." Ba a taɓa jin wanda ya ce shi ne ya yi mata lodi ba. Alhali kuwa furosesan da ke cikinta bai san tsufa ba. Ƙarfin da ya zo da shi daga kwali yana nan, in dai an bar shi ya sha iska. Abin da ke canzawa shi ne kayan da aka jibga masa, da ƙurar da ya shaƙa, da halin wanda ke zaune a gabansa. Ga waɗanda ake zargi nan, ba a kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Sarkin Rifiresh

Yana kunna kwamfuta, kafin ya amsa gaisuwar masinja, sai ya danna maus ta dama: rifiresh, rifiresh, rifiresh. 'Yan hotunan kan allo suna ƙiftawa, shi kuma yana gyaɗa kai: "Yauwa, yanzu ta warware." A kafe ya koyi wannan ilimi zamanin Windows XP, har ya koya wa 'ya'yansa. Aikin rifiresh ɗaya ne, sake zana hotunan kan allo. A cikin mintunan da ya yi yana dannawa ne kwamfutar ta gama tashi, kuma ko da hannu ya naɗe haka za ta warware. Ba ya cutar da kowa. A ƙyale shi da sarautarsa.

Baba Na-Amince

Duk akwatin da ya fito a allo, amsar Baba ɗaya ce: ya amince. Ya zo saka manhajar buɗe PDF, ya tashi da sabuwar burauza, da "masu share kwamfuta" guda biyu, da wani abu a lungun allo da ke sanar da shi yanayin sanyin garin da bai taɓa zuwa ba. Kowanne cikinsu ya rubuta sunansa a layin masu tashi tare da kwamfuta. Shi ya sa Baba ke kunna ta, ya je ya yi alwala, ya yi walaha, ya dawo ya tarar tana ta juya ɗan zobenta.

Maganinsa a yatsa uku yake. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga sashen Startup, a hana duk wanda ba a buƙata tashi da asuba, sannan a cire baƙin da ba a gayyata ba. Wahalar ita ce Baba zai tsaya a bayanka yana cewa, "Kai yaro, kar ka taɓa wannan, ban san amfaninsa ba."

Malam Zan-Dawo-Kansa

Mai son ilimi ne, ba a musa masa. A burauzarsa akwai shafukan da suka matsu har sunayensu suka ɓace: neman tallafin karatu da aka rufe tun bara, farashin masara, sakamakon wasan Arsenal, da wata lacca da ya tsayar a tsakiya tun kafin azumi. Ka ce ya rufe ɗaya, ya ce, "A'a, zan dawo kansa."

Abin da Malam bai gane ba shi ne RAM teburin tela ne, faifan ajiya kuma sito. Abin da ake ɗinkawa yanzu shi ke kan tebur. In tebur ya cika, sai tela ya riƙa kai yadi sito, kuma duk sanda ya buƙaci almakashi sai ya tashi ya je ya tono. Haka Windows ke yi: RAM na cika, sai ta koma rubuce-rubuce a faifai, wanda bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Malam kuwa gigabait 4 gare shi, kuma Windows ta cinye kaso mai tsoka kafin ya buɗe shafin farko. Ya ajiye adireshin shafukan a ma'ajiyar burauza ya rufe su, ko ya ƙara RAM zuwa 8 in na'urar tana karɓa. Zai zaɓi na biyu, domin ya samu wurin buɗe wasu.

Hajiya Kar-A-Goge

Bidiyon bikin ƙanwarta kwafi uku ne: folda ɗaya "Biki", ɗaya "Biki sabo", ɗaya "Biki na gaske". Ga tafsirin azumi na shekara da shekaru, ga fina-finan Indiya masu fassara, ga hotunan atamfofin da aka sayar tuni. Layin da ke nuna cikar faifan C ya yi jawur, ita kuma ta ɗauka ado ne.

Windows tana buƙatar fili a faifai don fayilolin wucin gadi, da sabuntawa, da sauke nauyin RAM. In babu fili, komai sai ya tsaya cak. Masu gyara kan ce a bar wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari babu kowa. Da aka matsa wa Hajiya, ta goge wasu, amma ta hana a zubar da kwandon shara, domin "wata rana za su yi amfani". Abin da ke kwandon kuwa yana nan zaune a faifai, bai matsa ko taku ɗaya ba. A saya mata faifan waje ta kwashe tarihin dangi, a bar Disk Cleanup ya share tarkacen da ko ita ba ta san da shi ba.

Ɗan Katifa

Ofishinsa gado ne. Laftof a kan bargo, ƙofofin iskarta a toshe, fanka tana ihu har maƙwabta na zaton an tayar da janareta. Hunturu ya zo ya wuce sau huɗu ba a buɗe ta ba, ƙurar hazo da zaren bargo sun yi dam a bakin fanka. Ga zafin Afrilu, wanda a Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa.

Furosesa yana da dabarar tsira da rai. In zafinsa ya doshi digiri 100, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Shi ya sa na'urar ke tashi da ƙarfinta, bayan rabin awa ta koma rarrafe. Ɗan Katifa ya ce netiwok ne. A ɗora ta a kan abu mai tauri, a kai ta a busa mata iska, a canza man sanyaya da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, domin shi ma yana bushewa da shekaru. Wani irinsa ya ji wannan nasiha, ya koma ɗora ta a kan filo.

Ɗan Bati da Alhaji Mai Gadi Biyu

Ɗan Bati bai taɓa sayen manhaja ba, kuma yana alfahari da haka. Komai nasa fasasshe ne, daga shafin da ke ce masa ya kashe antibairos kafin ya saka, shi kuma ya kashe da hannunsa. Filashinsa ya zaga duk wuraren buga takardu na bakin jami'a, ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar inuwarta. Yanzu fanka na gudu ko ba ya komai, mai yiwuwa wani a wata ƙasa yana haƙar kuɗin kirifto da na'urarsa da wutarsa. Araha ba ta ado, balle bati.

Alhaji kuwa tsoron irin wannan ne ya sa ya ɗauki masu gadi biyu, wani lokaci uku. Kowane fayil ya motsa, sai antibairos na farko ya bincika, na biyu ya bincika, sannan su juya suna binciken juna. Ɗaya ya isa, kuma Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender. Alhaji ya ji bayani, ya ce, "Na kyauta? Ai abin da ba a biya ba ba zai yi gadi da zuciya ɗaya ba."

Oga Ba-Kashewa

Rufe murfi kawai yake yi. A Task Manager akwai wurin da ke lissafin tsawon lokacin da na'ura ta yi ba ta huta ba, nasa ya shiga watanni. Manhajojin da suka ari RAM suka ƙi mayarwa suna nan sun yi kaka-gida. Ko ya kashe ma da sauran magana, domin tun daga Windows 8 kashewa kan ajiye wani ɓangare na tsarin a faifai don a tashi da wuri. Restart ne ke wanke komai. Sabuntawa kuwa kullum "sai an jima", saboda data. Ita kuma Windows tana da haƙuri, amma ba ta mantuwa. Ranar da za ta karɓi bashinta ita ce ranar da Oga ya haɗa na'urar da majigi a gaban manyan baƙi, allo ya nuna kashi 12 cikin ɗari, kada a kashe.

Injiniya Fomatin

Ciwon kai, fomatin. Zafi, fomatin. Maɓalli ya maƙale, "Yallaɓai, sai an yi mata fomatin." Gaskiya na'urar kan yi sauƙi bayan haka, tunda an kori baƙin Baba da bairos ɗin Ɗan Bati a lokaci guda. Amma fomatin ba ya fitar da ƙura, ba ya ƙara RAM, ba ya gyara faifan da ya fara ƙara ƙas-ƙas. Sai ya gama zai ɗago kai ya tambaya, "Af, akwai abu mai muhimmanci a ciki ne?" Furojet ɗin ɗalibin ajin ƙarshe ya tafi kenan. Kafin ka miƙa masa na'ura, kwafe kayanka.

Alhaji Ta-Mutu

Wannan yana da 'yar gaskiya a hannunsa. Manhajoji suna ƙiba, na'ura kuwa tana nan yadda aka haife ta. Windows 7 ta 2009 tana iya tashi da gigabait 1 na RAM. Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da 4, kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10. Akwai na'urar da lokacinta ya yi da gaske. Sai dai Alhaji ba ya bincike. Laftof na fara jan ƙafa, sai ya yanke hukunci: "Ta mutu." Ya aika a sayo sabuwa, ya miƙa tsohuwar ga ɗan ƙaninsa: "Ungo, ka yi wasa da ita."

Yaron ya buɗe ya ga tsohon faifai mai juyawa sau 5,400 a minti, da allura mai bin sawun kowane fayil. Ya cire shi ya saka SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma ya ninka wancan sauri sau da yawa. Ya ƙara RAM, ya busa fanka, ya sa Windows sabuwa fil. Duka kuɗin bai kusanci na sabuwar laftof ba. Gawa ta miƙe tana tashi cikin daƙiƙu.

Ana nan, Alhaji ya zuba wa sabuwar tasa masu gadi biyu, Hajiya ta kwafe mata bikin ƙanwarta, yaran gida suka kai ta katifa. Ranar Sallah yaron ya zo gaisuwa da tsohuwar a jaka. Alhaji ya ga yadda take buɗe shafi kafin a ɗauke yatsa, ya yi gyaran murya.

"Wannan ba tawa ba ce?"

"Ita ce, Baffa. Wadda ta mutu."

"To ai aro na ba ka. Ajiye ta nan, ka ɗauki sabuwar. Ita ma ta mutu."