Ciwon zuciyar da na aiko ta waya

Mu ma'aikatan Abuja mazauna Suleja, tsadar haya ce ta koro mu. Asali ma garin nan shi ne Abuja, kafin a ɗauke sunan a ba babban birnin tarayya. Su suka tafi da suna da manyan tituna, mu aka bar mu da cunkoson Madalla.

A ofis ina da wani oga, kullum aka ɓata masa rai sai ya dafe ƙirji ya ce, "You people will give me heart attack." Maganar ta burge ni, na adana ta ina jiran rana.

Ranar ta zo. Ina mota a Zuba saƙon uwargida ya shigo: mai gidan haya ya ƙara kuɗi, gas ya ƙare, kuma 'yarmu Ummi ta fasa talabijin. Na gyara zama na rubuta mata Turancin oga, na tura. Nan take cajin wayata ya mutu.

Ashe tana madafa, sai ta miƙa wa ƙaninta ɗan aji biyu na sakandare ya karanta. Ja'irin ya tsallake komai, ya kama kalmomi biyu na ƙarshe, ya shelanta cewa ciwon zuciya ya kayar da Yaya a hanya. Aka kira ni, waya a kashe.

Mun fi awa biyu muna rarrafe, Dutsen Zuma na kallonmu. Ko da na iso unguwarmu Kwamba bayan isha'i, takalma sun cika ƙofar gida. Liman na nan, surukaina na nan, an tura samari biyu su duba asibitoci. Hajiyarmu, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta kama sunana tun da aka haife ni, ta riƙo hannuna tana kuka.

"Hajiya, lafiyata ƙalau. Salon magana ne na Turawa."

"Yi shiru, kai dai. Haka babanka ya riƙa cewa."

Aka kwantar da ni, aka ɗura mini tafarnuwa da zoɓo marar sukari. Tsiren da na sayo liman ya sa masa albarka, 'yan dubiya suka cinye a gabana. Lemon kwalbar da aka ba su kuwa, bashi aka ci da sunana a shagon maƙwabci.

Washegari mai gidan haya da kansa ya zo gaishe ni. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sunkuyo ya ce, tunda rai ba tabbas, gara in biya na shekara biyu gaba ɗaya.